Ranar da Na Je Yi wa Goggo Barka da Sauka Daga Jidda

Asabar, bayan sallar isha'i.

Yau da hantsi na tafi Kurna domin yi wa Goggo barka da sauka. Ƙanwar mahaifina ce, kuma a farkon makon nan hukumomin Saudiyya suka maido ta gida tare da 'yarta da jikarta, bayan sun shafe makonni a tsare saboda rashin takardar zama. Na same ta a ɗakin da Kawu ya share mata, tana zaune a kan darduma, ƙafafunta sun kumbura, matan unguwa suna ta shigowa ɗaya bayan ɗaya. Na durƙusa na ce, "Goggo, sannu da hanya, Allah ya sa ƙarshen wahalar ke nan." Ta daɗe tana kallona kafin ta gane ni, domin ina ƙaramin yaro ta bar Kano, sannan ta ce, "Ɗan yayana, ashe da rabon mu gana. Ka ga yadda Allah ya maido mu, daga mu sai kayan jikinmu."

Da bizar umara ta tafi tun zamanin mulkin soja, ita da mijinta, kuma da wa'adin bizar ya ƙare ba su dawo ba, kamar yadda dubban mutanenmu suka yi. Ba ta ɓoye wannan ba, ba ta kuma yi ƙoƙarin wanke kanta ba. A unguwar Karantina ta Jidda suka zauna, mijin yana dako da gadi har Allah ya yi masa rasuwa, ita kuma tana soya masa da funkaso tana sayar wa 'yan uwanta takari, daga baya ta koma aikatau a gidajen Larabawa. Duk tsawon shekarun nan ba ta taɓa mallakar igama ba, wato takardar izinin zama, ba ta da kafili, wato ɗan ƙasar da yake tsaya wa baƙo, ba ta da asusun banki, ba ta iya kama hayar ɗaki da sunanta, kuma asibiti sai ciwo ya ci ƙarfinta take tunkararsa. Abin da ta tara a wurin adashe yake, da kuma hannun wani ɗan kasuwa da take ba wa ajiya. Ta ce lokacin da aka fara rushe tsofaffin unguwannin Jidda a ƙarshen 2021, aka shafe sama da unguwanni 60 da suka haɗa da Karantina da Gulel da Sabil, a nan ne rufin asirinsu ya yaye, domin a waɗannan lunguna ne kawai marar takarda yake samun ɗaki ba tare da an tambaye shi kati ba. Tun daga lokacin suke yawo daga wannan ɗaki zuwa wancan a bayan gari, har ranar da jami'ai suka tare motar da suke ciki.

Yadda tsarin yake, kamar yadda ta bayyana mini kuma na sha ji daga bakin wasu, shi ne idan an kama mutum sai a ɗauki hoton yatsunsa, a bincika ko akwai wata ƙara ko bashi a kansa, sannan a tura shi wurin tarhil, wato inda ake tsare waɗanda za a mayar ƙasashensu. Galibin waɗanda aka kama a yankin Makka da Jidda babbar cibiyar Shumaisi ake kai su, wadda take kan hanyar da ta haɗa biranen biyu. Wanda ba shi da fasfo sai jami'an ƙasarsa sun tantance shi sun ba shi takardar tafiya ta wucin gadi, daga nan kuma sai jiran jirgi. Ma'aikatar cikin gida ta Saudiyya tana fitar da alƙaluman kame kowane mako, kuma a 'yan shekarun nan adadin yakan kai wajen mutum 20,000 a mako guda, daga masu laifin zama, sai masu laifin aiki, sai waɗanda suka tsallako iyaka. Wanda ya shigo da marar izini ko ya ɗauke shi a mota ko ya ba shi mafaka yana iya fuskantar ɗaurin da ya kai shekara 15 da tarar riyal miliyan ɗaya. Wannan ne ya sa, in ji Goggo, matar da ta yi wa aiki shekaru da dama ta sallame ta tana kuka, ta ce tana ƙaunarta amma ba za ta jefa 'ya'yanta cikin masifa ba.

Na tambaye ta dalilin da ya hana ta fitowa lokacin afuwa, domin an buɗe ƙofa a 2013 kafin babban samamen watan Nuwamba na wannan shekara, an sake buɗewa a watan Maris na 2017 da wa'adin kwana 90, inda aka yafe tara ga duk wanda ya fita da kansa. Sai ta nuna 'yarta da haɓa ta ce, "In fito in kawo wannan ina? Ba ta san kowa a nan ba, kuma a lokacin ta yi aure."

Wannan 'ya tata ita ce ta tsaya mini a rai har yanzu da nake rubutun nan. A al'ada taubashiyata ce, da a ce lafiya aka haɗu da wasa za mu fara, amma yau babu wanda ya iya buɗe baki da wasa. A Jidda aka haife ta, a ɗaki, a hannun unguwarzoma, saboda haka babu takardar haihuwa ta Saudiyya, babu ta Najeriya. Dokar Saudiyya ta jinin uba take bi wajen ba da 'yancin zama ɗan ƙasa, haihuwa a ƙasar ba ta wadatar, don haka tun ranar da ta zo duniya baƙuwa ce marar izini a garin da ba ta san wani ba sai shi. Ba ta shiga makarantar gwamnati ba, allo ta yi a wurin wani malami ɗan Barno a unguwarsu. Hausarta tana fita, amma da Larabci take ƙirga kuɗi, da shi take rarrashin 'yarta. Mijinta, wanda shi ma haifaffen can ne, ba ya cikin motar ranar da aka kama su, kuma babban ɗansu yana tare da shi. Yanzu uwa da ƙaramar yarinya suna Kurna, uba da ɗa suna ɓoye a Jidda, kuma tun da an ɗauki yatsunta an shigar da sunanta a kwamfuta, ƙofar komawa zama ta rufe mata. Ta ce mini, "Yaya, idan ya miƙa kansa domin ya biyo mu, wa zai ciyar da mu? Idan ya zauna, yaushe zan ga ɗana?" Ban sami amsar da zan ba ta ba, sai addu'a.

Ba na jayayya da cewa kowace ƙasa tana da haƙƙin sanin wanda yake cikinta, da kuma fitar da wanda ya karya sharaɗin shigarsa. Goggo ta karya sharaɗi, ita ma ta sani. Amma 'yarta ba ta tsallaka iyakar kowa ba, ba ta wuce wa'adin wata biza ba, kuma dokar da ta kasa bambanta ta da wanda ya sauka a filin jirgi jiya da niyyar ɓacewa, a ganina doka ce da take da giɓi babba. Haka kuma ban ga abin da zai ragu daga martabar hukuma ba idan aka bar tsohuwa ta koma ɗakinta da rakiyar jami'i ta kwashe kayanta, ta karɓi ajiyarta, kafin a sa ta a jirgi. Abin da ya ƙara sa ni tunani shi ne akwai iyalai da yawa a Makka da Madina da ake kira Hausawi, jikokin mahajjatan da suka bi ta Chadi da Sudan a ƙafa, waɗanda suka zama cikakkun 'yan ƙasa, har ɗaya daga cikinsu, Usama Hausawi, ya zama kyaftin ɗin ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Saudiyya a gasar cin kofin duniya ta 2018. Asali ɗaya ne da na taubashiyata, abin da ya raba su kawai shi ne zamanin da kakanni suka isa da kuma takardar da aka samu a lokacin.

Bayan azahar wani dattijo maƙwabcin Kawu ya shigo gaisuwa, kuma da ya ji labarin sai ya ce shi ma ya ɗanɗani irinta. A zangon Kumasi aka haife shi, yana saurayi gwamnatin Firayim Minista Busiya ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar Ghana a watan Nuwamba na 1969, mahaifinsa ya sayar da gida da rumfar goro a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Ya kuma tuna mana cewa mu ma a watan Janairu na 1983, zamanin Shagari, mun kori baƙi wajen miliyan biyu, kusan rabinsu mutanen Ghana. Na ji daɗin da ya faɗi haka a gaban matasan gidan, domin tun safe suke magana kamar Larabawa ne suka ƙirƙiro korar baƙo.

Abin da ya ɓata mini rai ya fito ne daga cikinmu. Wata mata da ta zo barka, tana fita zaure na ji tana cewa wai kowa ya bar gida, gida ya bar shi, shekara da shekaru a Makka amma an dawo ko akwati babu. Wannan mata ta manta, ko kuwa ta ƙi tunawa, cewa da riyal ɗin Goggo aka yi wa ɗakunan gidan nan rufin kwano, da shi aka aurar da 'yan mata, da shi aka biya wa wasunmu kuɗin jarrabawa, har da ni. Sannan a wannan gari namu har gobe akwai ejan-ejan da suke karɓar kuɗin zawarawa da 'yan mata da sunan umara, suna yi musu alƙawarin aiki a can, alhali sun san bizar umara ba ta halatta aiki, kuma sun san inda lamarin yake ƙarewa. Waɗannan ne ya kamata a tuhuma tun kafin a kai ga tsohuwar da ta dawo da kumburarrun ƙafafu.

Kafin magariba muka zauna da Kawu da yayyena muka tsara abin da za a yi. Taubashiyata ba za ta iya sayen layin waya ko buɗe asusu ba sai da lambar shaidar ɗan ƙasa, ita kuma lambar tana buƙatar wata takarda da za ta tsaya a madadin ta haihuwa. Don haka ranar Litinin zan raka ta kotu a yi rantsuwar shekaru, Kawu zai karɓo wasiƙa daga mai unguwa domin neman takardar shaidar asali a ƙaramar hukuma, babbar yayarmu kuma ta ɗauki nauyin kai Goggo asibiti a duba ƙafafun da hawan jinin da take kuka da shi. Mun haɗa abin da ya sawwaƙa na cefane da tufafin yarinyar. Mijin taubashiyata ya aiko saƙon murya ta wayar Kawu cewa ya je wurin ɗan kasuwar da ke riƙe da ajiyar Goggo, mutumin bai musa ba, ya ce zai turo kuɗin kashi biyu ta hannun wani mai zuwa Kano bayan wata.