Inda Aikin Injin MX-5 Ya Kai: Daga Ɗaura Kiranshaf Zuwa Saita Taimin

'Yan'uwana masu koyon wannan aiki, na daɗe ban ba ku labarin inda aka kwana ba, domin na ƙudurta cewa ba zan rubuta komai ba sai injin ya tashi na ji muryarsa da kunnena. Yanzu kuwa ya tashi. Ga waɗanda ba su bi aikin tun daga farko ba, motar Mazda MX-5 ce samfurin farko, wanda ya fara fitowa a 1989, mai injin lita 1.6 da silinda huɗu da bawul 16 da kamshaf biyu a sama, wato sandunan da ke buɗe bawul. Na same ta tana fitar da shuɗin hayaƙi tana shan baƙin mai, alamar wanda ya riƙe ta kafin ni bai damu da juye mai a kan lokaci ba, shi ya sa na sauke injin gaba ɗaya na wargaza shi.

Bayan an goge cikin silindoji an fitar musu da zanen nan mai gicciye wanda ke riƙe mai, na wanke bulok ɗin da ruwan zafi da sabulu, ina cusa farin ƙyalle cikin kowace silinda ina fitarwa, har sai da ya daina fitowa da toka-toka. Fetur ba ya cire wannan garin dutsen guga, kuma idan ya saura a ciki, shi ne zai cinye sababbin ringi tun kafin su zauna.

Inda na fi daɗewa shi ne wurin kiranshaf, wato babbar sandar ƙarfen da fistin ke juyawa a ƙasan inji, kuma a nan nake so ku tsaya tare da ni. Tsakanin kiranshaf da metal ɗin da yake kwanciya a kai akwai 'yar tazara wadda ba ta kai kaurin gashin kai ba, kuma a cikinta ne baƙin mai ke shiga ya ɗauke ƙarfen don kada ya taɓa ɗan'uwansa. Na auna ta da Plastigauge, wani siririn zare mai laushi da ake ɗorawa a kan kiranshaf a bushe, a ɗaure marfin metal da sifana mai awo daidai ƙarfin da littafin motar ya faɗa, sannan a kwance a gwada faɗin da zaren ya baje da ma'aunin da ke jikin takardarsa. Sharaɗinsa ɗaya ne: kada a juya kiranshaf yayin da zaren ke ciki. Wurare biyar ne, kuma dukkansu sun fito cikin iyaka, saboda haka na goge, na shafa man haɗa inji, na fara ɗaurewa na dindindin, ina juya kiranshaf da hannu bayan kowane marfi. Na farko da na biyu sun juya sumul. Da na ɗaure na uku sai na ji hannuna ya yi nauyi, ba wai ya kafe ba, amma akwai wani wuri a zagayen da yake ɗan riƙewa. Zuciyata ta raya mini cewa kaurin man ne, in ci gaba. Na ƙi, na kwance, na ɗaga metal ɗin, sai ga wani ɗan silin zare daga ƙyallen gogewa kwance a bayansa, ya ɗan tura shi sama. Da na cire shi na share wurin da ɗan yatsa mai tsabta na mayar, kiranshaf ya juya da yatsu biyu. Da na bi son raina, da wannan metal ɗin ya yi zafi ya cinye, inji ya buga cikin ɗan lokaci, kuma da ban taɓa sanin dalili ba.

Ringi ma ban yarda da abin da aka rubuta a kwalinsu ba. Na sa kowanne cikin silindar da zai zauna, na tura shi da kan fistin domin ya daidaita, sannan na auna bakinsa da gejin nan mai ganyayyaki. Faɗin silindar wannan inji milimita 78 ne, saboda haka ringin sama yana bukatar tazara ta wajen milimita 0.3, domin idan ya yi zafi ya buɗe ya sami wurin miƙewa. In bakunan biyu suka haɗu, zai karce silinda ko ya fasa gefen fistin. Biyu daga ciki sun matse, na ɗan goge su da sauƙi ina komawa ina aunawa. Wajen sa su a fistin kuma na rarraba bakunansu don kada su yi layi ɗaya.

Tof silinda bai ba ni wahala ba. Na sa sabon gasket, na ɗaure kusoshi daga tsakiya zuwa gefe, mataki-mataki. Taimin bel, wanda ke haɗa juyawar kiranshaf da ta kamshaf, shi ne ya bukaci natsuwa, domin yana iya zamewa da haƙori ɗaya a lokacin da ake sakin abin da ke tamke shi. Na ƙirga haƙora 19 tsakanin alamomin kamshaf biyu, na juya injin da hannu zagaye biyu cur, na sake duba cewa kowace alama ta koma mazauninta. Wani abin da ke kwantar da hankalin mai koyo shi ne, a wannan inji fistin ba ya cin karo da bawul ko da bel ya kauce, amma akwai injuna da yawa da ba haka suke ba, don haka kada ku ɗauki wannan a matsayin doka ga kowace mota.

Ranar tayarwa, na cire fulogi na katse fetur da wuta, na yi ta murza inji har sai da gejin baƙin mai ya motsa, sannan na mayar da komai. Ya kama a bugu na biyu. Wata ƙara ta ƙas-ƙas-ƙas ta tashi daga saman injin, kuma gaskiya gabana ya faɗi, amma na tuna cewa maɗagan bawul na wannan inji da matsin mai suke aiki, sai sun cika suke yin shiru. Kafin ruwan lagireto ya gama ɗumi ƙarar ta ɓace. Ban bar shi yana ta sulo a tsaye ba. Na fita da motar ina ba ta wuta a hankali ina saki, domin matsin da ke bayan ringi shi ne ke manna su da bangon silinda har su zauna. Na juye man farko da wuri, na yanka filta na duba cikinta, ban ga ɓarɓashin ƙarfe ba.

Sai batun taimin na wuta, wato lokacin da fulogi ke ba da wuta. Kafin in yarda da alamar da ke jikin fulin kiranshaf, na sa siririn ƙarfe ta ramin fulogi na ɗaya na nemo inda fistin ke kai ƙarshen hawansa, domin robar da ke cikin tsohon fuli tana iya zamewa ta tafi da alamar. Tawa tana nan daidai. Da inji ya yi zafi, na haɗa ramukan waya biyu masu suna TEN da GND a akwatin gwaji don kwamfutar motar ta daina taɓa taimin, na haska fitilar taimin, na sassauta na'urar saita wuta da ke bayan tof silinda na juya ta har alamar ta tsaya a digiri 10 kafin fistin ya kai ƙolin hawansa, wanda shi ne awon kamfani, sulo kuma ya zauna a wajen zagaye 850 a minti ɗaya.

Na san masu irin wannan mota da yawa suna kai shi digiri 14 don ta ƙara kuzari lokacin da inji ke juyawa a hankali, kuma ni ma ina da niyyar gwadawa, amma ba yanzu ba. A ganina, inji sabon haɗi da ringinsa ba su gama zama ba bai kamata a ƙara masa matsi ba, kuma idan na canza abu biyu a lokaci ɗaya, ba zan san wanne ya kawo abin da na ji ba. Zan bar shi a digiri 10 har in juye mai na biyu in auna matsin kowace silinda, in rubuta. Idan huɗun sun yi kusa da juna, zan ƙara digiri biyu, in hau gangare da babbar giya ina sauraron ko zai yi ƙarar nan mai kama da tsakuwa a gwangwani, in kuma na ji ta, zan mayar da shi baya nan take.