Aya, daddawa da kifin kaf: kurakuran da na tafka a bakin tafki

Ƙannena, musamman ku da karatu ko neman abinci ya kai Ingila, kuka ga Turawa zaune a bakin tafki da sandunan fatsa har ranku ya biya, ga abin da na so a ce wani ya gaya mini kafin in fara.

Ni ɗan bakin kogi ne. Tun ina yaro nake jefa fatsa, da tana ko gara a bakin ƙugiya, in kamo tarwaɗa ko karfasa in kai gida a yi miya. Don haka ranar da wani dattijo maƙwabcina ya ja ni zuwa kamun kifin da suke kira kaf, na ɗauka sana'ar da na iya ce. Kifi ne mai faɗin jiki, da gashin baki huɗu, babbansa yana haura kilo 20. A Najeriya ma akwai shi, tun shekarun 1950 aka kawo shi gonar kifi ta Panyam a Filato, amma a Ingila kamunsa ya zama abin nishaɗi mai dokoki. Ba a kai shi tukunya. Ka kama, ka auna, ka mayar da shi ruwa da ransa. Saboda haka kifi ɗaya yakan shiga hannu sau da dama a rayuwarsa, ya yi wayo, ya san ƙugiya. Nan ne na gane ma'anar kifi na ganinka mai jar koma. Duk dabarar sai ta koma kan koto: me za ka ba shi wanda zai yarda ya ɗauka?

Shagunan kayan su cike suke da kwalaben ƙamshi masu tsada, ni kuwa ɗalibi ne, sai na juya wajen kayan miyata. Har yau ina kan cewa wannan shawara daidai ce. Katafaren kaf ɗin da Richard Walker ya kama a tafkin Redmire a 1952, mai kusan kilo 20, da burodi ya kama shi. Wanda Chris Yates ya kama a tafkin nan dai a 1980, sama da kilo 23, da ƙwayoyin masarar gwangwani ne. Matsalata ba daga kayan kicin ta taso ba, daga hannuna ne.

Kwaɓin farko da na yi, garin masara ne da ƙwai, na marmasa daddawa uku a ciki, na daka tafarnuwa, na zuba yaji, na ƙara dunƙulen ɗanɗano biyu da zuma. Na mulmula, na tafasa, gida ya ɗauki ƙamshi. Asabar uku a jere ina zaune daga asuba zuwa magariba, ko motsin zare ban gani ba, alhali dattijon nan da masara tsurarta yana kamawa a gefena. Shi ya fahimtar da ni cewa kaf ba da baki kaɗai yake ɗanɗano ba. Leɓensa, gashin bakinsa, har wasu sassan jikinsa duk suna jin abin da ya narke a ruwa, komai ƙanƙantarsa. Yakan zuƙi abu, in bai yi masa ba ya feso shi cikin ƙiftawar ido. Abin da hancina ke kira ƙamshi, a wurinsa ihu ne. Na auna koto da ma'aunin miyar kuka, miya kuwa don harshen mutum ake yinta.

Da na koma rabin daddawa ɗaya a kilo guda na gari, ba tafarnuwa ba zuma, a fita ta biyu na kama kaf ɗina na farko. Daddawa tana aiki, kuma da dalili. Kalwa ce da aka bari ta ruɓa, ruɓewar ta farfasa sinadarin gina jiki da ke cikinta zuwa ƙananan abubuwa masu narkewa a ruwa, irin waɗanda kifi ke bi. Don wannan dalilin ne masuntan can ke sayen ruɓaɓɓen kwaɓin jatan lande na Maleshiya. Mu muna da tamu a jaka. Yaji kuma na daina sa shi gaba ɗaya, domin akwai ƙuli-ƙuli a ciki, tafkuna da yawa kuwa sun hana gyaɗa da duk abin da aka yi da ita.

Kuskuren da ya fi tsaya mini a rai shi ne na aya.

Ban taɓa zaton ayar da muke taunawa a hanyar makaranta, wadda ake nomawa a Maraɗi ana yi mana kunu da ita, tana cikin kotunan da masu kamun kaf suka fi ji da su ba. Kaf yana da haƙora a maƙogwaro, yana son abu mai ƙarfi da zai murƙushe, ga zaƙi, ga shi ƙananan kifaye ba sa iya cinye ta kafin babban ya iso. Da na ji haka farin ciki ya kama ni, domin ina da busasshiyar aya da aka aiko mini daga gida. Na cika leda, na je tafki, na dinga watsa ta a ruwa hannu-hannu kamar mai shuka. Na zuba fiye da kilo ɗaya kafin mai kula da tafkin ya zo wucewa. Ya tsuguna, ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya matsa da yatsa, fuskarsa ta canza. Bai ɗaga murya ba. Ya ce in naɗe zarena, in na isa gida in zuba ayar nan a kofi zuwa rabi, in cika da ruwa, in duba washegari.

Washegari na duba. Ƙwayoyin da suka yamutse sun sha ruwa sun kumbura, sun taso sama da inda na bar su. Kaf ba shi da tumbi irin namu, abinci daga maƙogwaro hanji yake wucewa kai tsaye. Abin da na gani a kofi shi ne abin da busasshen hatsi ko aya ke iya yi a cikin kifin da ya cika cikinsa da su. Na zauna ina kallon kofin nan, raina a ɓace. Wasu kifayen tafkin sun girme ni a shekaru, mutane sun san su ɗaya bayan ɗaya, suna lallaɓa su a kan shimfiɗa mai laushi idan sun kama, ni kuma na zo da jahilci na zuba musu abin da zai iya cutar da su. Dabbar da ba za ka ci ba, ba ka da hujjar wahalar da ita, addininmu ma bai yarda da haka ba. An hana ni shiga tafkin wata guda, kuma na cancanci hakan. Da na karanta takardar dokokin da aka ba ni ranar da na biya kuɗin shiga, da na ga an rubuta batun aya ƙarara.

Don haka ku karanta dokar kowane tafki kafin ku buɗe jaka. Wasu sun yarda da aya dafaffiya, wasu sun hana ta kwata-kwata. Ku mallaki lasisin fatsa, wanda doka ta wajabta a Ingila daga shekara 13, kuma ku sani ba a kamun irin waɗannan kifaye a koguna daga 15 ga Maris zuwa 15 ga Yuni.

Kuskuren manja ba shi da dogon labari. A tsakiyar hunturu na shafe kotona da shi don launi da maiƙo. Da na janyo zare bayan awa huɗu, sai na tarar ya daskare ya rufe koton kamar kakin zuma, babu abin da ya fita. Mai ba ya narkewa a ruwa, sanyi kuma yana sandarar da shi. Ga shi a wannan lokaci kifin kansa cin abincinsa ya ragu sosai. Idan ruwa ya yi sanyi, ɗan gishiri da ruwan masarar gwangwani sun fi kowane mai, kuma ƙwayoyi goma sun fi guda ɗari.

Wani abin da ya ɓata mini shekara guda shi ne canza abubuwa da yawa a lokaci ɗaya. Yau kurkum da madara, gobe citta da sukari, ga wurin zama daban. Ko na kama ba zan iya cewa me ya jawo ba. Sai da na sayi ɗan littafi, ina rubuta ranar, da yanayi, da gefen da na zauna, da abu ɗaya tak da na ƙara. Da na waiwayi shafukan, na ga yawancin kifayen da na kama, a wurin da na fara ganin alamarsu ne kafin in jefa: kumfa ƙanana na tasowa jere, ko ruwa ya gurɓace da laka kusa da ciyawa, alamar suna tono a ƙasa. Minti talatin na zagaya tafki da ido ya fi amfanar da ni a kan duk abin da na taɓa barbaɗawa a kwaɓi.

Ga yadda nake shirya aya yanzu, inda aka yarda da ita. In wanke ta, in jiƙa a ruwa mai yawa aƙalla awa 24, na fi son kwana biyu. In tafasa ta minti 30 a cikin ruwan da ta jiƙu. Busasshiyar masara ma haka nake mata, sai ta fashe. Daga nan in juye ayar da ruwanta a bokiti mai murfi, in ƙara cokali biyu na sukari, in ajiye a wuri mai ɗumi kwana biyu zuwa uku. Ruwan zai yi kauri, ya yi yauƙi kamar miyar kuɓewa, ya ɗan yi tsami. Kada ka zubar da shi, da shi ake kwaɓa gari. Ƙwaya biyu a ƙugiya, cikin tafin hannu ɗaya a kewayenta, sai ka zauna ka jira.