Fatar Marwa ba ta tsoron gasa, hanya ce ke cinye ribarta

Mu dukawa ne a nan Marwa, a arewacin Kamaru. Jaka, takalmi, tumtum da kuben wuƙa muke ɗinkawa, da fatar akuya, ta tunkiya da ƙirgin sa. Ƙaramin wuri ne, ni da yarana 'yan kaɗan, amma duk abin da ya fita daga hannunmu ina iya tsayawa a kansa ko a gaban wa.

A wurin kawuna na koyi sana'ar, kuma bai bar ni na taɓa basilla ba sai da na san fata. Majema ya fara tura ni. Can na ga yadda ake jiƙa ta a ruwan toka har gashi ya saki, a kankare, a sa ta cikin kashin tattabara ta yi laushi, sannan ta kwanta a ruwan bagaruwa. Warin wurin kan bi mutum har gida, kakata ba ta barina in shiga ɗaki sai na yi wanka. Bagaruwar ita ce sirrin. Idan aka yi gaggawar tsame fata, bayanta zai yi kyau amma cikinta ɗanye ne, bayan damina guda ta fara tsagewa. Kawu yakan yanki ɗan gefe da aska ya miƙo mini ya ce, "Duba tsakiya, yaro. In ka ga farin layi, mayar musu da abinsu." Har gobe haka nake gwada kowace fata kafin in biya kuɗi. Wajen rini, janmu na karan dafi ne, baƙi na kuloko, rawaya kuma gangamau. Bayan rini a shafe ta da man gyaɗa, a murza, a buga, har sai ta naɗu a tafin hannu ba tare da ta yi ƙara ba.

Ɗinkin takalmi kuwa a hannu muke yinsa, zare biyu suna gicciye juna a kowane rami, ta yadda ko ɗaya ya tsinke ɗayan na riƙe. Wannan aikin ne wani zai ɗaga ya ce, "Haba Malam, ga irinsa can rabin kuɗin." Ba irinsa ba ne, Alhaji. Leda ce aka buga wa zanen fata aka manna da gam. Kawo ta kusa da hanci ka ji, ko ka bar ta a ranar watan Afrilu ta Marwa ka ga yadda za ta ɓare. Tun da Najeriya ta saki naira a watan Yunin 2023 ta faɗi, takalman Aba da na Sin da ke biyowa ta can suka ƙara arha a idon mai sefa, domin tamu sefar a ɗaure take da yuro, kusan 656 a kowane ɗaya, ba ta motsi. Mai saye ya ji daɗi, mu masu yi da hannu muka ji a jikinmu.

Da can ba ma neman kasuwa, ita ke zuwa ta same mu. Turawa masu zuwa kallon giwaye a Waza da duwatsun Rumsiki ba sa komawa sai sun biyo ta kasuwar masu aikin hannu. Daga watan Fabrairun 2013, da aka sace wasu iyalin Faransawa a kusa da Waza, ƙafarsu ta ɗauke. Rikicin Boko Haram ya zo ya toshe hanyar Banki da Amcide ta iyakar Najeriya na tsawon shekaru. Dole muka koyi kai kaya inda masu saye suke, wato Yawunde, Duwala da Injamena. A nan ne na gane cewa iya ɗinki daban, iya kai kaya kasuwa daban.

Gaskiya a faɗe ta, buɗe kamfani ya yi sauƙi fiye da zamanin su kawu. Tun 2010 aka soma kafa ofisoshin da mutum zai gama rajista a wuri guda, kuma dokar ƙarshen 2016 ta sauko da mafi ƙarancin jarin ƙaramin kamfani zuwa sefa 100,000. Na yi rajista, ina da lambar haraji, shi ya sa otal ko shago a kudu ke iya ba ni aiki da takarda. Na yaba da wannan.

Amma takardar ba ta gyara hanya. Jakar da za ta je Duwala sai ta yi kusan kilomita 500 a mota kafin ta isa Ngaundere, inda layin dogo ya tsaya tun 1974 bai ƙara gaba ba. Ta Injamena kuma sai ta bi Mora, Waza, Dabanga zuwa Kuseri, hanyar da direbobi ke ƙara kuɗi saboda ramuka, ga shinge bayan shinge. Kamaru da Cadi kuɗinsu ɗaya, ƙungiyarsu ta tattalin arziki ɗaya, wato CEMAC, a takarda kayan gida na wucewa ba haraji. A bakin shinge kuwa sai an kwance ƙunshi, an juya kowace jaka, an nemi wata takardar da jiya ba a nema ba, ƙarshenta maganar ta koma ta na goro. Direba ba ya biya daga aljihunsa, a kaina yake ɗorawa, ni kuma in ɗora a kan jaka. Kafin ta isa hannun mai saye ta fi ta leda tsada ninki, alhali majemi da baduku ba su ga ƙarin ko dala ba.

Ita kanta fatar yanzu sai da kokawa. Dillalai na kwashe ta sa ɗanya zuwa Najeriya a yi ganda, suna biya nan take, majemi ba zai iya ja da su ba. Wadda ta rage kuma rabi masu fiɗa sun huda ta da wuƙa saboda sauri. Nakan bi mahauta da kaina kafin babbar salla in roƙe su su fiɗe da hannu, su zuba gishiri, su shanya a inuwa, in ƙara musu wani abu a kan kowace lafiyayya. Wasu su cika alkawari, wasu in mai ganda ya riga ni zuwa shi ke nan. Wuta ma haka. Arewacin Kamaru duka a kan madatsar Lagdo ta dogara tun farkon shekarun 1980, in ruwa ya ja baya da rani sai keken ɗinki ya tsaya. Tashoshin hasken rana da aka kafa a Marwa da Gidar sun rage abin, ba su kashe shi ba.

Ana ta maganar kasuwar bai ɗaya ta Afirka da aka sa wa hannu a Kigali a 2018, ta fara aiki a Janairun 2021. Ina so in ga jakata a Akara da Dakar, kuma na san ba za ta ji kunya a can ba. Abin da nake nema bai kai girman waɗancan tarurruka ba: takardar shaidar asalin kaya da zan samu a nan arewa ba sai na bi ta kudu ba, farashin duwan, wato kwastan, a rubuce a bango kowa ya gani, da dalilin da zai sa fatarmu ta tsaya a jeme ta a gida. Gadar da aka buɗe a 2025 tsakanin Yagwa da Bongor ta ba mu wata ƙofar shiga Cadi, na fara aika kaya ta can.

Masu son takalman salla ko tumtum na ɗakin amarya, ku ba da aiki da wuri. Fata mai kyau tana daɗewa a bagaruwa, kuma ba na tsame ta don wani yana sauri. Duk abin da ɗinkinsa ya saki, a dawo mini da shi, gyara kyauta ne.