Abin da itacen kotonwud ya koya mini a sassaƙar Nabaho

Na fara da reshen bishiyar kotonwud mai tsawon santimita 35, kaurinsa kamar damtse, irin wanda ruwa ke yasarwa a gaɓar kogin Animas kusa da Farmington a jihar Niyu Meziko ta Amurka. Da irin wannan itace Johnson Antonio, ɗan ƙabilar Nabaho ta 'yan asalin Amurka da aka haifa a 1931, ya yi suna wajen sassaƙa makiyaya da tsofaffin mata masu lulluɓe da bargo, kuma salonsa na bi.

Kuskurena na farko zaɓen itace ne. Bayansa a bushe, cikinsa da danshi, kafin mako biyu ya tsage daga ka har ƙugu. Yanzu sai na ɗaga reshe na ji ba nauyi, na sare santimita 5 a kowane baki, na duba ko akwai hudar ƙwaro ko ruɓa a tsakiya. Ɗanye kuwa nakan shafe bakunansa da kakin zuma, ya yi watanni a inuwa.

Da ƙaramin gatari nake fitar da kai da kafaɗu, sauran aikin na wuƙar aljihu ne da magagari. Kotonwud yana da taushi, amma taushin nan yaudara ne: wuƙa na dakushewa sai ta riƙa tayar da gashin itacen, sanfefa kuma ba ta kwantar da shi. Nakan wasa wuƙa duk bayan minti 20. Hannuwa a manne da jiki nake barinsu, domin duk abin da ya gitta jijiyar itacen ɓallewa yake yi. Ƙafar tunkiya daban nake sassaƙa ta, in huda, in kafa da gam.

Itacen yana shan fenti kamar yashi. Farar ƙasar da 'yan Nabaho suke kira dleesh nake damawa, shafi biyu marasa kauri. In ta yi kauri sai ta ɓare. Bayan ta bushe sai kalar ruwa.

Siffofin bukukuwan warkarwa ban taɓa su ba. A al'adar Nabaho suranta su abin kiyayewa ne. Ko Charlie Willeto, mai maganin gargajiya da ya sassaƙa kusan 400 kafin rasuwarsa a 1964, sauya kamanninsu yake yi.