Sakin layin da na bari aka goge

Ranar Juma'ar da ta wuce na miƙa katin shiga ofis, na tattara littattafan rubutuna, na yi sallama da waɗanda suka cancanci sallama. Shekara huɗu da rabi na yi a ɗaki mai duhu ina kallon ƙarti biyar ɗin da ba wanda ke sayen tikiti don ya gan su: senta, gadi biyu da takul biyu, katangar da ke tsaye gaban mai jifa, wato ɗan wasan da ke jefa wa 'yan uwansa ƙwallo, don kare shi daga mahara a ƙwallon Amurka. Mu muke auna su, mu sa musu daraja, mu sayar wa ƙungiyoyi rahoto kafin kasuwar sayen 'yan wasa ta watan Maris ta buɗe. Abokai sun matsa in rubuta abin da na koya. Da na zauna sai na tarar abu ɗaya ne ya tokare min maƙogwaro, sauran duk 'yan rakiya ne.

Wanda bai tuna iskar da ke kaɗawa a lokacin ba, ba zai gane yadda abin ya faru ba. Ranar 7 ga Fabrairun 2021 Tampa Bay ta lallasa Kansas City 31 da 9 a Super Bowl, wasan ƙarshe na cin kofin gasar. Patrick Mahomes, mai jifan Kansas City, ya shiga wasan ba takul ɗinsa na hagu, Eric Fisher, wanda agararsa ta tsinke a wasan da ya gabata, ba kuma na dama, Mitchell Schwartz, mai fama da ciwon baya. Daren nan gudun ceton rai ya yi ta yi. Kafin a shiga wata kakar Kansas City ta rushe katangar ta sake gini: ta ba Joe Thuney dala miliyan 80 na shekara biyar, ta yi musaya ta ɗauko Orlando Brown daga Baltimore, ta zaɓo Creed Humphrey da Trey Smith daga jami'a. Ginin ya tsaya da ƙafafunsa, kowa kuma ya ɗauka cewa katanga saye ake yi. An manta cewa biyu daga cikin huɗun nan ba a kasuwa aka same su ba, Smith ma sai a zagaye na shida na zaɓen matasan jami'a aka kira sunansa.

Sai kakar 2021 ta ƙara wa wutar fetur. An kayar da Joe Burrow, mai jifan Cincinnati, da ƙwallo a hannunsa sau 70 idan aka haɗa da wasannin fitar da gwani, tara daga ciki a wasa ɗaya da Tennessee. Iyakar albashin kowace ƙungiya kuma, wadda korona ta janyo ƙasa zuwa dala miliyan 182.5, ta haura zuwa miliyan 208.2 a 2022. Ga kuɗi a aljihu, ga tsoro a zuciya. A irin wannan kasuwa aka ɗora min aikin auna wani takul na dama da kwantiraginsa ya ƙare. Shi ne rahoto na farko da za a sa sunana a samansa.

A takarda yaron ba shi da makusa. Kayarwar da aka jingina masa a kakar ba ta cika yatsun hannu ɗaya ba. Dare biyu na yi ina kallon faifansa ta kyamarar bayan fili ina gyaɗa kai. A dare na uku na ware lokutan da ƙungiyarsa ke neman dogon zango a yunƙuri na uku cikin huɗun da ake ba ta don ta matsa gaba, inda dole mai jifa ya riƙe ƙwallo ya jira, na kalle su a jere. Nan jikina ya yi sanyi. Duk wanda ya taso yana kallon kokawa a dandali ya san ƙugu da ƙafa ake duba, ƙirji yaudara ne. Yaron nan, da an bar shi shi kaɗai da mahari mai gudu, sai ya buɗe ƙugunsa tun a taku na biyu, nauyinsa ya koma dunduniya, hannayensa su iso a makare kuma a warwatse, ƙirjinsa a buɗe kamar ƙofar zaure. Abin da ya rufa masa asiri abu uku ne. Mai jifansu yana sakin ƙwallo kafin daƙiƙa biyu da rabi. Kocinsu yakan ajiye masa ɗan taimako a gefe, ya bangaje maharin da kafaɗa kafin ya wuce. Gadin da ke kusa da shi kuma sun daɗe tare, ta yadda in mahara biyu suka yi musayar gurbi, sukan miƙa wa juna su ba tare da ko kallon juna ba.

Na rubuta wannan a sakin layi guda, jimla huɗu. Na ce zai yi amfani a ƙungiyar da ke jifa da sauri kuma take da niyyar ba shi taimako, amma kada a biya shi kuɗin wanda za a sake wa gefe guda shi kaɗai.

Washegari oga ya kira ni. Ya ja layi ja a kan sakin layin tun daga farko har ƙarshe, ya turo min takardar.

"Waɗannan mutanen ba labari suka biya mu ba," in ji shi. "Eh ko a'a suke so. Ka yarda da lambar darajar da ka sa masa ko ba ka yarda ba?"

Na ce, "Oga, lambar daidai take, amma ba shi kaɗai ya samar da ita ba."

"To in daidai take, a bar ta ta yi magana."

Na ce to. Wannan "to" ɗin ita ce kuskurena, kuma ba zan ɗora ta a kan kowa ba. Na san abin da idona ya gani. Amma takardar izinin aikina a ƙasar nan a hannun kamfanin take, ga iyali, ga kuma kwaɗayin in ga sunana a saman rahoto. Na koma kujerata na goge da hannuna.

Ƙungiyar da ta saye shi irin mai son dogon jifa ce, mai jifanta yakan riƙe ƙwallo yana jiran hanya ta buɗe. Gadin da aka ajiye masa sabon shiga ne. Da yake sun biya kuɗi mai kauri, ba su ga dalilin ɓata mutum guda wajen taimaka masa ba. Kafin Oktoba ya fita yana kan benci. Kuma a wannan gasa, kuskuren saye ba ya mutuwa da wuri. Kuɗin sa hannu ana rarraba lissafinsa ne a kan shekarun kwantiragi, har zuwa biyar, in ka sallami ɗan wasa sai ragowar ta faɗo maka a ka. Mataccen kuɗi ake ce masa: kana biya, mutumin ba ya nan, kuma ba ka da sararin sayen wani.

A taron da aka yi bayan ƙungiyar ta kira ta yi ƙorafi, oga ya tsaya gaban mutum goma sha wani abu ya ce wanda ya kalli faifan bai ga abin da ya kamata ya gani ba. Bai ambaci suna ba, bai kuma buƙaci ambata ba. Na ji kunnuwana sun yi zafi. Rubutun farko yana nan cikin kwamfutata da kwanan watansa. Da yamma na tura masa shi kaɗai, ban sa kowa a ciki ba, don ban so in tozarta shi. Amsarsa layi ɗaya ce: abin da aka aika shi ne rahoto, kuma sunanka ne a kai. Kaka guda cur aka ɗauke ni daga katanga aka mai da ni ƙidayar masu bugun ƙafa. Har yau in na tuna sai na ji ɗaci. Ban ce ba ni da laifi ba, amma laifin na mutum biyu ne, mutum ɗaya ya biya.

Wanda ya fi ba ni tausayi ma ɗan wasan ne. 'Yan kallo suka yi ta yi masa ihu, ana cewa ya ci kuɗi ya kwanta. Alhali bai sauya ba ko kaɗan. Yadda yake a watan Janairu haka yake a Oktoba. An ciro shi ne daga inda ake rufa masa baya aka tsayar da shi a fili, da rahotona a hannun waɗanda suka tsayar da shi.

Akwai wani dattijo a ofishin, tsohon kocin katanga a wata ƙaramar jami'a, wanda ba ya yawan magana a taro. Shi ya same ni a wajen shan shayi a makon nan ya ce, "Ɗana, kafin ka tambayi nawa ne kuɗinsa, fara tambayar me ya sa waɗanda ke ganinsa kullum a atisaye suka bar shi ya tafi." Ya tuna min da 2018, lokacin da New York Giants ta ba Nate Solder dala miliyan 62 na shekara huɗu, kuɗin da ba a taɓa ba ɗan katanga ba a lokacin. New England, ƙungiyar da Solder ya baro, ba ta yi ja-in-ja ba. Ta ɗauko Trent Brown daga San Francisco da araha, ta miƙa shi ga kocinta Dante Scarnecchia, ta ci kofi a Fabrairun 2019, sannan ta bar Brown ɗin ma ya tafi Raiders a kan miliyan 66. Mutum biyu, kujera ɗaya, a bayansu mai jifa Tom Brady, mai sakin ƙwallo da wuri, a gefensu koci ɗaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma kasuwa hannu ɗaya take yi wa kuɗi.

Daga nan na daina auna mutum ba tare da na auna kocin da zai karɓe shi ba. Jeff Stoutland na Philadelphia ya karɓi Jordan Mailata, ɗan zari-ruga daga Ostireliya da bai taɓa buga wasan nan ba, wanda aka zaɓa a zagaye na bakwai a 2018, ya mai da shi takul na hagu da ake ji da shi. Na kuma daina yanke hukunci a watan Satumba. Cincinnati ta sayi Alex Cappa da Ted Karras da La'el Collins a Maris ɗin 2022, aka kayar da Burrow sau 13 a wasanni biyun farko, mutane suka ce an yi asara, sai ga su sun kai wasan ƙarshe na ɓangarensu da baƙin suka saba da juna. Na koyi karanta kuɗin da aka lamunce kafin babban adadin da jaridu ke bugawa. Na koyi tambayar likita kafin mai lissafi. Na koyi ajiye kowane rubutun farko.

Bayan an dawo da ni katanga, na sa wani akwati a saman kowane rahoto nawa, sama da lambar ma, na rubuta masa "Sharaɗi". Duk wanda zai karanta darajar ɗan wasa sai ya fara karanta abin da darajar ta dogara da shi. A Disambar 2024, da Kansas City ta matsar da Thuney daga gadi zuwa takul na hagu don toshe ɓaraka, na rubuta a takardar cikin gida cewa an gyara gurbi ɗaya an raunana biyu, kuma ranar da suka haɗu da masu iya kawo hari da mutum huɗu kawai za a gani. A Super Bowl ɗin Fabrairun 2025 a New Orleans, Philadelphia ta kayar da Mahomes sau shida ba tare da ta ƙara mahari ko ɗaya ba, aka tashi 40 da 22. Ba wanda ya zo ya ce min komai. Dattijon nan ne kawai ya wuce ta bayan kujerata ya dafa kafaɗata.

A walimar sallama oga ya ce ni mutum ne mai taka-tsantsan, ya kuma roƙi in bar musu tsarin rahotona don wanda zai gaje ni. Na bar musu, da akwatin a samansa, an saita shi yadda rahoto ba zai fita ba in ba a cike shi ba. Ya miƙo hannu na karɓa. Maganar Oktoban 2022 bai ɗauko ta ba, ni ma ban ɗauko ba.