Kwanon gabza da ranar zuwa kotu: inda boren gidan yari ke farawa

Ranar 1 ga Maris, 2024, da labari ya iso mini cewa ana jin ƙarar bindiga a gidan gyaran hali na Jos, abin da ya fara faɗo mini a rai shi ne an sake kawo hari irin na 2021. Ashe wannan karon daga ciki wutar ta tashi. Fursunoni ne suka yi bore bayan an sanar da su cewa ɗan kwangilar da ke ciyar da su zai rage musu abinci, musamman shinkafa, saboda tsadar kaya a kasuwa, kuma ƙura ba ta lafa ba sai da ma'aikata suka harba barkonon tsohuwa tare da yin harbi sama. A majalisarmu ta unguwar Gangare a Jos wasu sun mai da abin dariya, suna cewa ɗan fursuna ma har ya samu bakin zaɓen abinci. Ni ban ga abin dariya ba, saboda dalilin da zan zo kansa.

Akwai abubuwa biyu da mukan haɗa su wuri ɗaya alhali kowanne da irin maganinsa. Na farko shi ne harin da ake kawowa daga waje domin a fasa gidan yari, kamar wanda 'yan bindiga suka kai gidan na Jos ranar 28 ga Nuwamba, 2021, inda fursunoni 262 suka tsere duk da cewa gidan yana maƙwabtaka da hedikwatar 'yan sandan jiha, ko kuma na Kuje ranar 5 ga Yuli, 2022, wanda ƙungiyar ISWAP ta ɗauki alhakinsa, mutum fiye da 800 suka fice a dare ɗaya. Maganin wannan shi ne bayanan sirri, katanga mai ƙwari da masu gadi masu isasshen makami. Na biyu shi ne boren da mazauna gidan ke tayarwa da kansu, wanda shi ne nake magana a kansa, kuma duk tsawon da aka ƙara wa katanga ba zai hana shi ba. Sau da yawa idan an yi bore sai ka ji hukuma tana maganar ƙarin bindigogi da waya mai ƙaya, an bar jaki ana dukan taiki.

A lokacin da aka yi boren Jos, abin da gwamnatin tarayya ke warewa domin ciyar da fursuna ɗaya a yini shi ne naira 750, wato kari, rana da dare, kuma a cikin wannan kuɗin ne ɗan kwangila zai sayi itace, ya biya dako, ya fitar da ribarsa. A watan Disambar 2023 shugaban hukumar gidajen gyaran hali na lokacin, Haliru Nababa, ya shaida wa kwamitin majalisar dattawa cewa ana kashe naira 800 a kullum wajen ciyar da karen tsaro guda. Daga baya, a 2024, an ɗaga kuɗin fursuna zuwa naira 1,125. Duk mai yin cefane a kasuwar Terminus ta Jos ya san iyakar abin da wannan zai saya. Mutumin da ke waje idan abinci ya yi masa kaɗan zai iya fita ya yi dako ko ya ci bashi wurin mai shago, amma wanda aka kulle ba shi da wata dabara sai abin da aka zuba masa a kwano, saboda haka rage ludayi ɗaya na gabza a wurinsa babban al'amari ne.

Na ga wannan da idona a lokacin da aka tsare ɗan yayata a wani gidan yari a wata jiha, bisa zargin yana cikin samarin da suka yi faɗa a unguwa. Ranar ziyara mukan tashi da asuba ni da mahaifiyarsa, ta ɗaure kular tuwo da ƙullin garin kwaki, ƙuli-ƙuli, sukari da sabulu. A bakin ƙofa gandiroba zai sa ta ɗanɗana abincin a gabansa, ya caccaka tuwon da cokali ko an ɓoye wani abu a ciki, sannan a bari ya wuce. Da aka fito da yaron a karo na farko sai da na ɗan yi jim kafin na gane shi, domin ƙuraje sun feso masa a hannu, wuyansa kuma ya yi tsawo. Bai tambayi kowa na gida ba, bai ma buɗe kular ba, sai ya ce, "Kawu, don Allah yaushe za a kai mu kotu?" Na ce masa lauya yana ƙoƙari. Ya ce akwai wanda suke ɗaki ɗaya da shi da ya shekara uku yana jin wannan amsar.

Wannan tambayar ce, a ganina, tushen yawancin fitinar da ke cikin gidajen yarinmu. Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke tsare a Najeriya masu jiran shari'a ne, ba a same su da laifi ba tukuna. Wanda aka yanke wa hukunci ya san ranar fitarsa, yana ƙidaya watanni, kuma ya san idan ya zauna lafiya za a yafe masa kashi ɗaya cikin uku na wa'adinsa, don haka yana da abin da zai yi asara idan ya shiga rigima. Mai jiran shari'a ba shi da ranar da zai ƙidaya. Yau a ce motar kai su kotu ba ta da mai, gobe a ce alƙali ya tafi taro, jibi a ce ɗan sandan da ya yi bincike an yi masa canjin wurin aiki, ko kuma fayil yana ma'aikatar shari'a ana jiran shawarar lauyoyin gwamnati. Haka yake zaune ba aiki, tun da akasari ba a sa irinsu a ɗakin koyon sana'a, a cikin ɗakin da ya cika har ana kwana bi da bi. Haka nan waɗanda aka yanke wa hukuncin kisa suke shekaru ba a zartar ba kuma ba a sassauta ba, kuma daga sashensu ne tarzomar gidan yarin Kaduna ta tashi a ƙarshen Maris na 2020, lokacin da tsoron cutar korona ya shiga gidan, har aka rasa rayuka.

Cunkoso kuma yakan haifar da wata gwamnati a cikin ɗaki. Inda ma'aikaci ɗaya ke lura da ɗimbin mutane, dole ya jingina da manyan fursunoni su riƙe masa ɗakin, su kuma sai su riƙa sayar da wurin kwana kusa da taga, suna karɓar kaso daga abincin da aka kawo wa sabon shiga. A nan ne yaron da aka kama da satar waya yake kwana kafaɗa da kafaɗa da ɗan fashi. Wayar hannu da ƙwaya kuma ba ta sama suke faɗowa ba, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma ma'aikacin da albashinsa ba ya kai shi tsakiyar wata yana da saurin tsagewa.

Abin takaicin shi ne dokokin rigakafin suna nan a rubuce. Dokar hukumar gidajen gyaran hali ta 2019, wadda ta sauya wa hukumar suna, ta wajabta wa kwanturolan jiha ya sanar da alƙalin alƙalai da kwamishinan shari'a cikin mako ɗaya idan gida ya cika ya wuce ƙa'ida, ta ba su wata uku su ɗauki mataki, ta kuma ba shi ikon ƙin karɓar sababbin fursunoni. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta ƙayyade umarnin tsarewa na farko zuwa kwana 14, ta kuma buɗe ƙofar hukunta masu ƙananan laifuka da aikin gayya ga al'umma maimakon ɗauri. A Nuwambar 2023 ministan cikin gida, Olubunmi Tunji-Ojo, ya ƙaddamar a Kuje da sakin fursunoni 4,068 waɗanda tara ce kawai ta riƙe su, da kuɗin da aka tara naira miliyan 585. Abin a yaba ne, amma ya nuna cewa dubban mutane suna cin gurbi da abinci saboda kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Tun daga gyaran tsarin mulki na 2023 kuma jihohi suna da ikon gina nasu gidajen, kuma tun da mafi yawan waɗanda ke tsare dokokin jihohi ake zarginsu da karyawa, gwamnoni ba su da sauran uzurin zura wa tarayya ido.

Idan boren ya riga ya ɓarke, abin da ya fi komai wuya shi ne haƙurin mai riƙe da bindiga. A gidan yarin Attica na Amurka a 1971, da hukuma ta gaji da tattaunawa ta afka da harbi, mutum 43 ne suka mutu a rikicin gaba ɗaya, kuma yawancin ma'aikatan da aka yi garkuwa da su waɗanda suka mutu, harsashin masu ceton ne ya kashe su. A Ingila kuwa, bayan boren gidan yarin Strangeways na 1990 da ya ɗauki kwana 25, alƙalin da ya yi bincike, Woolf, ya nuna cewa tsaro da horo ba sa ɗorewa idan fursuna bai ga adalci a yadda ake tafiyar da shi ba, aka kuma kafa ofishi mai zaman kansa na sauraren koke-kokensu. Aikin farko shi ne a killace sashen da abin ya tashi, a kwashe marasa hannu, a samu ma'aikacin da fursunoni suka yarda da maganarsa ya saurare su. Bayan an kwantar da tarzoma kuma, hana kowa da kowa ziyara ko rage abinci a matsayin horo yana ƙara wa masu tunzurawa mabiya ne kawai.

Ɗan yayata ya fito bayan wata goma sha huɗu, ranar da alƙalin alƙalan jihar ya kai ziyarar rage cunkoso, aka nemi fayil ɗinsa aka rasa. A cikin mota muna dawowa Jos ya roƙe ni da in sake komawa da bargo da garin kwaki in kai wa mutumin nan na ɗakinsu, wanda a lokacin ya shiga shekara ta biyar. Na kai masa sau biyu, kuma a karo na biyun shi ma tambayar da ya yi mini ke nan, ko na ji labarin ranar da za a kai su kotu.