Babur ɗin da na ajiye wata uku

Wai ni da na ajiye mashin ɗina wata uku saboda ciwon gwiwa, jiya na zo tayarwa, na danna sitata sai ƙas ƙas kawai, ko fitila ba ta kawo ba. Na yi ta kik har gumi ya jiƙa ni.

Ashe batir ko ba a taɓa shi ba cajinsa zurarewa yake a hankali, da bakanike ya auna bai kai ko bolt 12 ba, alhali cikakke wajen 12.6 ne, kuma idan ya daɗe a sauke ba lallai ya sake riƙe caji ba. Abin da ya fi ba ni haushi, ni ina ganin dabara nake da nake tada shi minti biyar a tsaye a farkon ajiyar, ashe cinye cajin nake, sai an hau an yi tafiyar kamar rabin awa yake mayarwa.

Ga fetur ya kwana a kabureta ya zama kamar ƙaro, sai da aka wanke ta.

Yanzu kam in zan ajiye, zan cire wayar negatif ta batir, in rufe makunnin mai har inji ya mutu da kansa, in canza baƙin mai, in ɗora mashin ɗin a dabul sitan, wato ƙafarsa ta tsakiya. Sarƙa ma ta sha tsatsa wallahi.